Tufka, Kitso da Saƙa: Tarihin Kitsa Wayar Abin Sauraro

Gabatarwa

Akwai wata 'yar sana'a da ta bazu cikin 'yan shekarun nan a tsakanin masu sha'awar sauti a ƙasashe da dama. Idan wayar hedifon ta tsinke, watau abin sauraron nan da ake sawa a kunne, maimakon su yar da shi gaba ɗaya, sai su sayo waya sili huɗu ko takwas, su zauna su kitse ta da hannu kamar yadda ake kitsa kalaba, su liƙa mata kai, su mai da abinsu bakin aiki. Kamfanoni ma sun shiga harkar, suna sayar da irin wannan kitsattsiyar waya da tsada ƙwarai, har wani lokaci kuɗinta ya fi na abin sauraron kansa. Hujjarsu kuwa ita ce wai kitson yana gyara sauti.

Abin da nake so mu duba tare da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a cikin wannan ɗan rubutu shi ne asalin al'adar. Me ya sa aka fara murɗa waya da kitsa ta, kuma su wane ne suka fara? Da na bi diddigin al'amarin, sai na tarar dalilai biyu ne suka haɗu a cikinsa, kowanne da nasa tarihi. Na farko dalilin masu igiya ne, watau neman ƙarfi da laushi. Na biyu dalilin masu wayar tarho ne, watau kashe hayaniya. Wanda ya san bambancin waɗannan dalilai biyu zai san abin da kitso yake iya yi wa wayarsa, ya kuma san abin da bai kamata ya biya kuɗi dominsa ba.

Kalmomi uku

Kafin in shiga cikin tarihin, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. A nan ba mu bukatar aro, domin Hausa ta riga ta rarrabe abubuwan tun kafin zuwan waya.

Tufka ita ce a ɗauki sili biyu ko uku a nannaɗe su da juna, dukansu suna bin gefe ɗaya, kamar igiyar rama ko ta kaba. Kitso kuwa shi ne kowane sili ya hau kan wani, sa'an nan ya shige ƙarƙashin wani, kamar yadda mata suke yi wa gashi. Saƙa kuma ita ce a gitta sili masu yawa har su zama shimfiɗa ko riga, kamar tabarma.

Duk wanda ya taɓa kallon mai tufka a gindin bishiya ya ga wani sirri, ko da bai lura ba. Mai tufka yakan murza kowane sili ta gefe ɗaya, sa'an nan ya haɗa su ta ɗaya gefen. Kowane sili yana neman warwarewa, amma neman warwarewar tasa ita ce take ƙara matse shi da ɗan'uwansa. Idan aka yi murɗin biyu ta gefe ɗaya, da an saki hannu sai igiya ta koma yadda take, an yi tufka da warwara ke nan. Kitso ba shi da wannan matsala, domin silinsa suna kai da komo hagu da dama, babu gefen da ya rinjaya, saboda haka ba ya warware kansa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Gadon masu igiya

Tufka tana cikin tsofaffin sana'o'in duniya. A shekarar 2020 masana kayan tarihi suka ba da labarin wani ɗan guntun igiya da aka tono a wani wuri da ake kira Abri du Maras a kudancin Faransa. Tsawonsa kimanin milimita 6 ne, an yi shi da ɓawon itace na ciki, sili uku ne, kuma shekarunsa sun haura 40,000. Abin sha'awa, murɗinsa irin wanda na bayyana ne a sama, kowane sili ta gefe ɗaya, haɗinsu kuma ta ɗaya gefen.

Shigar wannan dabara cikin ƙarfe ta faru ne a Jamus. A duwatsun Harz akwai ramukan haƙar ma'adinai masu zurfi ƙwarai. Igiyar zare tana ruɓewa saboda danshi, sarƙa kuwa da zarar zobe ɗaya ya karye sai kaya su faɗa rami ba tare da wata alama ba. A shekarar 1834 wani jami'in haƙar ma'adinai na garin Clausthal mai suna Wilhelm Albert ya tufke wayoyin ƙarfe ya yi igiya da su, damƙa uku, kowace damƙa da waya huɗu. Amfanin abin a fili yake. Idan sili ɗaya ya tsinke, sauran za su riƙe kaya, kuma mai duba igiya zai ga tsinkakken ya san lokacin sauyi ya yi. Bugu da ƙari, sili masu yawa sirara sun fi sanda guda mai kauri jure lanƙwasa.

Da wannan ilmi aka yi wayar tangaraho ta farko da ta ratsa ƙarƙashin tekun Atilantika, daga Ailan zuwa Newfoundland. Zuciyarta jan ƙarfe ne sili bakwai a tufke, an lulluɓe ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, sa'an nan aka nannaɗe ta da damƙa 18 na baƙin ƙarfe, kowace damƙa sili bakwai. A shekarar 1857 aka raba aikin ƙera ta tsakanin kamfanoni biyu na Ingila, kowanne ya yi rabi. Da aka zo haɗawa sai aka tarar ɗaya ya yi tufkarsa ta dama, ɗaya ta hagu. Da an ɗaura su haka nan, jan da teku zai yi musu zai sa su warware juna, dole sai da aka ƙera wani mahaɗi na musamman. An samu shimfiɗa wayar a 1858, ta yi aiki kimanin mako uku ta mutu. Sai a 1866 jirgin ruwan nan Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore. Bayan shekara ashirin, watau a 1886, irin wannan waya ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Landan.

Har zuwa nan dai, tufkar waya ba ta da wani dalili sai na mai igiyar guga: kada ta tsinke, kuma ta yarda a lanƙwasa ta.

Hayaniya a kan layi

Dalili na biyu ya fito ne daga halin lantarki kansa. A shekarar 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Danmak ya gano cewa idan lantarki yana gudu a cikin waya, yakan haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. A 1831 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna kishiyar wannan, watau idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa kusa da waya, yakan ta da lantarki a cikinta. In aka haɗa waɗannan biyu, ma'anarsu ita ce wayoyi biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna iya jin maganar juna ko da ba su taɓa juna ba.

A zamanin tangaraho wannan bai dami kowa sosai ba. Waya ɗaya ake ja a kan falwaya, a binne ƙarshenta a ƙasa, ƙasa ta zama hanyar komowar lantarki. An rage kuɗin waya da rabi ke nan, kuma saƙon tangaraho ƙwanƙwasa ce mai ƙarfi wadda 'yar hayaniya ba ta ɓata ta. Da Alexander Graham Bell ya samu takardar mallakar ƙirƙirar tarho a 1876, sai kamfanoni suka bi wannan tsari na waya ɗaya. Amma lantarkin da muryar mutum take tayarwa rarrauna ne ƙwarai, kunne kuma ba ya barin komai ya wuce. Masu buga waya suka riƙa jin ƙwanƙwasar tangaraho da hirar maƙwabta a kan layinsu. Al'amarin ya ƙara tsananta da aka kawo fitilun lantarki da taragon lantarki na cikin gari a shekarun 1880, domin taragon ma ta ƙasa yake mai da lantarkinsa. Aka yi ta shari'a a Amurka tsakanin masu tarho da masu tarago, kowa yana cewa shi ke da haƙƙin amfani da ƙasa.

Maganin ya riga ya samu tun 1881, lokacin da Bell ya karɓi wata takardar mallaka a kan layi mai waya biyu a murɗe, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta komowa. Ga yadda abin yake aiki. Idan wayoyi biyu suna tafiya a miƙe kusa da wani tushen hayaniya, wadda ta fi kusa da shi za ta fi ɗauka. Wannan bambanci da ke tsakaninsu shi ne abin da kunne yake ji. To, idan aka tufke su, wadda take kusa a wannan taƙi ita ce take nesa a taƙi na gaba. Kowace ta ɗauki hayaniya daidai da 'yar'uwarta, bambancin ya kusan ɓacewa, murya ta fito tas. A kan dogayen layukan falwaya, inda ba a iya tufke wayoyi tsirara, sai aka riƙa sauya musu wuri bayan 'yan falwayoyi, ta hagu ta koma dama, kimanin sau huɗu a kowace kilomita. Zuwa wajen shekarar 1900, layukan tarho na Amurka sun koma kan ɗaya daga cikin waɗannan dabaru biyu.

Wannan dabara ba ta tsufa ba. Wayar da take haɗa kwamfutoci a ofisoshi da ɗakunan karatu, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 1990, jikar wayar Bell ce. Wanda ya yanka ta zai ga sili takwas, an tufke su biyu-biyu, kuma kowace tufka da nata matsi dabam, don kada ta dace da maƙwabciyarta su riƙa jin juna.

Saƙa da silin da suka fi gashi siranta

Ita kuwa saƙa, ta hanyar masaƙu ta shigo. A shekarar 1748 aka ba da takardar mallakar injin kitsa zare a birnin Manchester, daga baya garin Barmen na Jamus ya shahara da irin waɗannan injuna. A cikinsu ƙwaryar zare tana zagayawa, rabi ta dama rabi ta hagu, suna gitta juna. Da su ake yin igiyar takalmi da tsakiyar ado. Da waya ta yawaita cikin gidaje, sai aka riƙa zura ta ta tsakiyar injin yana saƙa mata rigar auduga ko ta siliki. Tsofaffin wayoyin tarho da na dutsen guga masu rigar zare daga nan suka samo asali.

Daga baya aka mai da zaren ya zama jan ƙarfe, rigar ta zama garkuwa. A 1880 Oliver Heaviside na Ingila ya karɓi takardar mallaka a kan waya mai zuciya a tsakiya da wata waya da ta kewaye ta kamar kube. Irin wannan ce wayar eriyar talabijin, wadda in aka feɗe ta ake ganin saƙaƙƙen jan ƙarfe a ƙarƙashin roba. An zaɓi saƙa ne domin tana rufe zuciyar ta kowane gefe, kuma tana lanƙwasuwa, abin da bututun ƙarfe ba zai yi ba.

Akwai wasu irin waya biyu da ya kamata a ambata. Ta farko ita ce ta hannun tarho, wadda ake ɗagawa a ajiye sau da yawa a yini. Domin kada ta karye, sai aka daddaƙe jan ƙarfe ya zama siririn ƙyalle, aka nannaɗe shi a jikin zare, zaren ya ɗauki nauyin ja, jan ƙarfen ya ɗauki lantarki. Ta biyu ita ce wadda ake kira lits, daga wata kalmar Jamusanci mai nufin kitsattsen sili. Dalilinta shi ne wani hali na lantarki da Horace Lamb ya bayyana a 1883, Heaviside ya faɗaɗa a 1885: gwargwadon saurin kaɗawar lantarki, gwargwadon yadda yake guje wa tsakiyar waya ya koma bin fatarta. Domin maganin wannan a cikin akwatunan rediyo, sai aka haɗa sili masu yawa sirara, aka shafe kowanne da fenti mai hana lantarki ƙetarewa, aka kitse su yadda kowane sili zai fito waje ya kuma shiga ciki. Mai karatu ya lura, wannan dabara ta rediyo ce, inda lantarki yake kaɗawa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda.

Zuwan abin sauraro

Shi kansa abin sauraro ɗan gidan tarho ne. Masu haɗa layi a ofisoshin waya su ne suka fara ɗaura shi a ka domin hannuwansu su samu damar aiki, kuma babban fulogin nan mai kaurin milimita 6.35 daga allunansu ya fito tun shekarun 1870. A baje kolin lantarki na Faris a 1881, Clément Ader ya ja layuka daga gidan wasan kwaikwayo, ya ba masu sauraro abin karawa biyu, kowane kunne da nasa layi. A Landan kuma, daga 1895, kamfanin Electrophone ya riƙa kai wa masu biyan kuɗi wasanni da waƙoƙi har gida ta waya.

A 1910 Nathaniel Baldwin na jihar Utah a Amurka ya ƙera wani abin sauraro a ɗakin girkin gidansa, mayaƙan ruwa na Amurka suka gwada shi suka nemi guda 100. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fito da samfurin DT 48. A 1958 John Koss ya fito da na sitiriyo domin masu jin faifai a gida. Sai kuma 1979, da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, abin sauraro ya bar ɗaki ya shiga titi, tare da ƙaramin fulogi mai milimita 3.5. Tun daga lokacin wayar ta shiga wahalar da ba ta taɓa shiga ba: a cusa ta aljihu, a nannaɗe ta, a fizge ta, gumi ya jiƙa ta.

A wannan shekara ta 1979 ne kuma Ray Kimber ya kafa kamfaninsa a Utah. Kafin nan ya yi aikin haɗa lasifika a gidajen rawa na Los Angeles, inda dogayen wayoyin lasifika suke kwance kusa da wayoyin fitilu masu walƙiya suna ɗaukar hayaniyarsu. Ya kitsa wayoyin domin maganin haka, kitsattsiyar waya kuwa ta zama alamar kamfaninsa. Daga irin wannan kasuwa ta masu sha'awar sauti ne kitso ya samu farin jini. Da kamfanoni suka yawaita yin abin sauraro wanda ake iya cire wayarsa a sa wata, sai ƙofa ta buɗe wa duk mai ɗan haƙuri da ƙarfen liƙi ya yi tasa.

Yadda ake kitson

Aikin ba shi da wuyar ganewa, kuma kowane mataki yana da tushe a cikin tarihin da muka bi. Ana yanko waya mai riga sili huɗu, biyu domin kunnen hagu, biyu domin na dama. A yanko su da ɗan ƙari a kan tsawon da ake so, domin kitso yana cin tsawo. A yi wa kowane sili alama, a ɗaure kansu a jikin wani abu, sa'an nan a fara kitso, ana riƙe da matsi ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan aka matse ƙwarai waya za ta sandare, idan aka sassauta ƙwarai za ta riƙa kama maɓallin riga. Da an kai daidai ƙirji sai a tsai da kitso, a raba sili huɗun gida biyu, a tufke kowane biyu su nufi kunnensu. A wurin tufkar nan ake bukatar ilmin mai igiya. Tilas a bar kowane sili ya juya a sake yayin da ake nannaɗe su, in ba haka ba murɗin zai taru a cikinsu, da an saki su warware.

A wajen fulogi, tsininsa na kunnen hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindinsa kuma shi ne mahaɗar wayoyin komowa guda biyu. Idan wayar lits ce, sai an ƙone fentin da ke bakin silin da narkakkiyar dalma kafin ta kama. Ana gwada kowane sili da mita kafin a rufe, domin in aka juya wayoyin kunne ɗaya, sauti zai fito amma ganga za ta rasa nauyi, murya kuma ta rasa mazauni a tsakiyar kai. Daga ƙarshe a sa robar nan mai tsukewa in ta ji zafi a gindin fulogi da wurin rabuwa. Wannan shi ne mafi muhimmanci, domin yawancin wayoyi a gindin fulogi suke mutuwa, inda lanƙwasa take taruwa a wuri ɗaya har silin jan ƙarfe su kakkarye ɗaya bayan ɗaya.

Wane dalili ne ya saura?

Yanzu sai mu komo ga maganar masu talla, mu auna ta da lissafi. Bell ya yi fama ne da layi mai tsawon kilomitoci da murya rarrauna. Wayar makirfo ma tana bukatar tufka da garkuwa, domin abin da ta ɗauko ana ninka ƙarfinsa sau ɗaruruwa a cikin amfilifaya, hayaniya ma a ninka ta tare da shi. Wayar hedifon ba haka take ba. Tsawonta kimanin mita 1.2 ne, lantarkin da ke cikinta an riga an ƙarfafa shi, kuma babu wani abu a gabanta da zai ninka hayaniya sai kunne. 'Yar hayaniyar da za ta ɗauka a cikin ɗaki ko a mota ba ta kai a ji ta ba, ko an kitsa ko ba a kitsa ba.

Batun gudun lantarki a fatar waya ma haka yake. Ƙarshen abin da kunnen yaro mai lafiya yake ji shi ne kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa. A wannan mizani, lantarki yana ratsa jan ƙarfe har zurfin kusan rabin milimita ta kowane gefe. Silin da ake kitsawa kuwa sau da yawa kaurin jan ƙarfensa duka bai wuce milimita 0.4 ba. Ashe lantarki ya riga ya cika shi, babu wata tsakiya da ya guje wa. Amfanin lits a nan shi ne laushi, da kuma fentin da yake hana jan ƙarfe yin tsatsa. Ita kuma azurfa da ake yi wa kirari, ta fi jan ƙarfe saurin wuce da lantarki da kimanin kashi 6 cikin 100 ne kawai. Turjiyar irin wannan waya, tafiya da komowa, kimanin om 0.3 ce, a gaban abin sauraro mai om 32. Azurfa za ta mai da ita wajen 0.28. Ƙara wa jan ƙarfen ɗan kauri zai yi fiye da haka da kuɗi kaɗan.

Amma akwai fa'ida ɗaya ta lantarki wadda take tabbatacciya, sai dai daga yawan sili ta fito, kitso ya tattara su ne kawai. A wayar da kunnuwa biyu suke tarayya a kan silin komowa ɗaya, wani ɗan kaso na sautin hagu yana tsallakawa dama. Da irin lissafin da muka yi a sama, kason yana kai wajen kashi ɗaya cikin 200. Idan kowane kunne yana da nasa silin komowa har zuwa gindin fulogi, wannan tsallake yana raguwa ƙwarai. Tsarin Ader ne na 1881 ya komo, kowane kunne da nasa layi.

To, me ya saura wa kitso? Dalilin Albert da na mai igiyar guga. Kitso yana riƙe sili huɗu wuri ɗaya ba tare da an sa musu wata riga mai kauri ba, saboda haka wayar takan yi laushi da rashin nauyi. Da yake babu gefen da murɗi ya rinjaya, ba ta cika nannaɗe kanta a aljihu ba. Nauyin ja yana rabuwa a kan sili huɗu. Idan kuma ɗaya ya samu rauni, ido yana ganinsa, a yanke wurin a sake liƙi. Kyan gani ma dalili ne, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya so abu don kyansa, muddin ya san kyan ya saya.

Kammalawa

A shekarar 2016 kamfanin Apple ya cire ramin fulogi daga wayarsa iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi sahu, abin sauraro maras waya ya cika kasuwa. Irin wannan yana ɗauke da ƙaramin batir wanda yawanci ba a iya sauyawa, da ya mutu sai a yar da abin duka. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin sauraro mai waya kuwa, lasifikarsa tana iya shekaru da yawa, wayar ce take riga ta mutuwa. Ɗalibin da iyafis ɗinsa ya daina magana ta kunne ɗaya, sau da yawa abin da yake bukata shi ne sabon fulogi ko sabuwar waya da ɗigon dalma, aikin da masu gyaran rediyo da waya na kasuwanninmu suka iya.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai abin lura a nan. Kalmar waya ararriya ce, ta shigo da ma'anar silin ƙarfe, ta koma nufin saƙon tangaraho, ta koma tarho. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, muna kiran abin da ba shi da sili ko ɗaya da sunan waya. Amma tufka da kitso da saƙa namu ne, kuma mun ga sun isa su bayyana aikin Albert da na Bell da na Heaviside ba tare da an rasa komai ba. Ina fata 'yan'uwa masu nazarin sana'o'in gargajiya za su zauna da masu tufka da makitsa su tattara sunayen murɗi da na kitso iri-iri, domin masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa za su bukace su.